Tarihin Kare Ƙwaƙwalwa a Tiyatar Zuciya

Ƙwaƙwalwa ce ta daɗe tana hana likitoci buɗe zuciyar ɗan Adam, domin ko da yake nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, kuma da zarar jini ya yanke mata na 'yan mintoci, ƙwayoyinta sukan fara mutuwa, abin da ya mutu kuwa ba ya dawowa.

An fara da dabarar sanyi. A 1950 Wilfred Bigelow na Toronto ya nuna, ta hanyar gwaji a kan karnuka, cewa jikin da aka sanyaya buƙatarsa ta oksijin tana raguwa, kuma da wannan dabara F. John Lewis ya ɗinke hujin zuciyar wata yarinya a Minnesota a 1952, sai dai mintocin da sanyi ke bayarwa ba sa isar babban aiki. Ranar 6 ga Mayu, 1953, John Gibbon ya yi nasarar irin wannan tiyata a Philadelphia da na'urar da ke karɓar aikin zuciya da huhu, wato ta janye jini, ta sa masa oksijin, ta mayar da shi jiki. Marasa lafiya biyu da suka biyo baya sun rasu, Gibbon ya haƙura, sai John Kirklin ne ya inganta na'urar a Mayo Clinic a 1955.

Na'urar ta zo da nata haɗarin, wanda aka daɗe ba a ba shi muhimmancin da ya kamata ba: kumfar iska da ɓarɓashin kitsen da ke ɓallewa daga babbar jijiyar aorta sukan bi jini su toshe ƙananan hanyoyin ƙwaƙwalwa, mutum ya farka da shanyewar ɓarin jiki ko mantuwa. Wani bincike na 1996 a asibitoci 24 na Amurka ya sami lahanin ƙwaƙwalwa ga kimanin kashi 6 cikin 100 na mutum 2,108 da aka yi wa tiyatar jijiyoyin zuciya. Matatar jini, da lura da ƙarfin gudunsa, da ɗumama jiki sannu a hankali bayan aiki, duk don rage wannan lahani ake yin su.

A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Enugu a 1974, lokacin da Fabian Udekwu ya yi aiki tare da Magdi Yacoub. Har yau cibiyoyin da ke yin ta kaɗan ne, saboda haka mai lalatacciyar ƙofar zuciya daga Anka, Gummi ko Bukkuyum sai ya fara bi ta manyan asibitocin Gusau ko Sakkwato kafin a san inda za a tura shi.