Takin Fosfaras da Yabanyar Amfanin Mai: Kanolar Hunturu da Gyaɗar Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta yadda kanolar hunturu da gyaɗa suke cin fosfaras. Ta nuna cewa a gonakin gyaɗa, irin takin da lokacin zuba shi suna da babban tasiri ga yabanya.

Gabatarwa

Kanola tsiro ne dangin kabeji, ana tatsar mai daga ƙwayarsa. A Jamus da Faransa da kwarin kogin Yangtze na Sin, ana shuka ta kafin sanyi ya kankama, a girbe bayan ya wuce. Idan ta rasa fosfaras a makonnin farko, saiwarta ba ta nitsewa, rassa da kwanso su ragu, kuma takin da aka zuba daga baya ba ya mayar da abin da aka rasa. Ba a noma ta a ƙasar Hausa. Abin da ke riƙe da matsayinta a nan shi ne gyaɗa, wadda ta gina dalar Kano kafin cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta durƙusar da nomanta.

Bambancin tsirran biyu

Fosfaras ba ya yawo cikin ƙasa kamar yadda sinadarin yuriya yake yi. Inda aka ajiye shi nan yake zama, sinadaran ƙarfe da alminiyam kuma su ɗaure wani kaso nasa. Kanola na da dabararta: idan ta ji ƙarancinsa, saiwarta kan fitar da ruwa mai tsami wanda ke narkar da dutsen fosfat. Gyaɗa kuwa ta fi dogara ga wasu ƙwayoyin naman gwari da ke zaune a saiwarta suna janyo mata shi. Ƙulullukan saiwarta, masu kamo naitirojin daga iska, su ma ba sa aiki sosai sai da fosfaras. Don haka kuskure ne a ɗauko ma'aunin takin kanola daga Turai a ɗora wa gyaɗa kai tsaye.

Sufa ko kamfa

A nan ne matsalar manominmu take. Takin sufa, wanda John Bennet Lawes ya yi wa rajista a Ingila a 1842, yana ɗauke da fosfat kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari, ga kalsiyam, ga farar wuta. Buhu mai kilo 50 na sufa mai kashi 18 yana ba da kilo 9 na fosfat, alhali buhun kamfa 15-15-15 kilo 7.5 yake bayarwa, sannan manomi ya biya kuɗin naitirojin da gyaɗa ke samar wa kanta mafi yawansa. Kalsiyam kuwa kwanson gyaɗa da kansa yake tsotsa daga ƙasar da ya nutse a ciki. Idan babu, sai a tone a tarar da ɓawo ba ƙwaya. Abin takaici, kamfa ya fi samuwa a kasuwannin ƙauye, kuma manoma da yawa ba sa zuba taki sai gyaɗa ta fara fure, lokacin da amfaninsa ya riga ya ragu. Wurin takin shi ne gindin iri, ranar shuka ko lokacin yin kunya.

Dutsen fosfat na gida

Akwai dutsen fosfat a yankin Dange da Shuni a Sakkwato, da kuma Tawa a Nijar. Yana narkewa a hankali, ya fi aiki a ƙasa mai tsami, kuma amfaninsa kan bayyana a damina ta biyu da ta uku. Binciken cibiyar ICRISAT a Sadore da ke Nijar ya nuna cewa ɗan taki kaɗan a ramin shuka, giram 6 na kamfa, yana ɗaga yabanyar gero. Ya kamata Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta fitar da irin gyaɗa na SAMNUT 24, ta gwada haɗa niƙaƙƙen dutsen Sakkwato da ɗan sufa a gindin gyaɗa, damina uku a jere, a auna nauyin ƙwaya da yawan man da aka tatsa.