Da a Ce Mishan Ba Su Zo Gimi Ba

 Yau tambaya na kawo muku, irin wadda ake farawa da "da a ce". Na san wani zai ce ai "da na sani" ƙeya ce, me ya kai mu tonon abin da bai faru ba? To akwai bambanci. Mai "da na sani" nadama yake yi. Mai nazarin tarihi kuwa idan ya ce "da a ce", zare abu ɗaya yake yi daga cikin labari don ya ga me zai rushe, me kuma zai tsaya. Ta haka ake gane nauyin abin.

Turawa sun daɗe suna yi wa kansu irin wannan tambaya: da a ce Kiristanci bai kama Turai ba, yaya tarihinsu zai kasance? Suna da dalili. A shekara ta 312 Sarkin Rum Kustantin ya karkata ga addinin, a 313 aka halatta yinsa a fili, a 380 kuma ya zama addinin daula. A tsakani an yi wani sarki, Juliyan, wanda ya so ya maido da bautar gumakan da, amma ya mutu a fagen yaƙi da Farisa a 363, ko shekara biyu bai cika a kan mulki ba. Shi ya sa ake cewa: da ya yi shekara talatin fa? Masana sun rabu. Edward Gibbon ya ɗora wa coci wani kaso na laifin raunin daular Rum. Tom Holland kuma, a littafinsa Dominion na 2019, cewa ya yi hatta Baturen da ba ya zuwa coci yau, tunaninsa kan tausayin mai rauni da daidaiton 'yan Adam daga Kiristanci ya gaje shi.

Matsalar ita ce tambayar ta yi girma. Shekara dubu da ɗari bakwai, nahiya guda, kowa sai ya faɗi abin da ransa ke so. Don haka mu dawo da ita gida, inda za mu iya ƙirga abubuwa da yatsu. Mu je Gimi, nan cikin ƙasar Makarfi, kan layin dogon Zariya zuwa Kano.

Labarin bai fara da Bature ba. Wajajen tsakiyar ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim. Cikin karatunsa na Alƙur'ani sai ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa, Alaihis Salam, fiye da yadda sauran malamai suka yarda da shi, ya kuma tara mabiya. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wajajen 1867, aka kashe shi a kasuwar Kano. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka zauna a ƙauyukan da ke kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi. Su ne ake kira Isawa. Ku lura fa, a lokacin babu coci ko ɗaya a ƙasar Hausa. Daga cikin muhawarar malaman gida aka samu waɗannan mutane.

Su kuma 'yan mishan na CMS sai a 1900 suka iso. Bishop Tugwell ya jagoranci ayari zuwa Kano, cikinsu har da wani matashin likita, Walter Miller. Sarkin Kano Aliyu Babba ya ce su fice masa daga gari, suka fice. Miller bai haƙura ba. Ya zauna a Girku, daga baya a 1905 ya samu shiga birnin Zariya, ya buɗe wurin shan magani da 'yar makaranta. Shekaru suna tafiya, waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba.

A 1913 ne wasu samari daga cikin zuriyar Isawa suka zo wurinsa. Daga nan aka yanke shawarar tara iyalansu wuri guda, aka zaɓi Gimi. Aka gina coci da makaranta, aka share gonaki. Wanda ya riƙe wurin shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ƙasar noman rake. Masu rubuta tarihin mishan suna danganta masa kawo injin matse rake zuwa wannan yanki. Duk wanda ya san matsayin rake da mazarƙwaila a Makarfi da Kudan yau, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Amma zaman bai ɗore ba. Wurin na kusa da rafi mai ƙudan tsando, ciwon barci ya faɗa wa garin ya yi ta ɗauke mutane, manya da yara. Zuwa farkon shekarun 1920 an tashi daga wurin. Waɗanda suka tsira da yawansu suka koma Zariya, kuma a 1929 da mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa, da su aka kafa sabon garin.

To yanzu mu yi gwajinmu. Mu zare Miller da Thompson da Gimi da Wusasa daga labarin. Me zai canza?

Bari mu fara da abin da ba zai motsa ba. Mulkin mallaka dai yana nan. Sojojin Lugard sun shiga Zariya a 1902, suka ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris ɗin wannan shekara, kuma ba mishan ce ta ɗauko musu bindiga ba. Hasali ma Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, jami'an da suka biyo bayansa kuma suka riƙa taka wa 'yan mishan birki a masarautun Musulmi, don ba sa son abin da zai tada hankalin sarakunan da suke mulki ta hannunsu. Jirgin ƙasa zai iso Kano a 1911 ko da mishan ko babu. Haraji zai zo, cinikin auduga da gyaɗa zai zo. Makarantar da ta haifar da su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, wato Kwalejin Katsina ta 1921 wadda ta zama Barewa, ta gwamnati ce. Karatu da rubutu kuwa mun riga mun san su ƙarnoni kafin nan, da Larabci da ajami.

Sai abin da zai girgiza. Na farko, wannan rubutun da kuke karantawa yanzu. Harsashin rubuta Hausa da baƙaƙen boko masu wa'azin Kirista ne suka fi aza shi. J. F. Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876. Charles Robinson ya fitar da nasa ƙamus a ƙarshen ƙarnin. G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934, da mishan ya fara zuwa ƙasar nan. Hans Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, shi ma ɗan mishan ne kafin ya koma aikin gwamnati. Miller kuma shi ne jigon fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. Da babu wannan aiki a ƙasa, da gwamnati ba ta samu boko a shirye ba, kuma da wataƙila ajami ya fi daɗewa a ofis da kotu. A nawa hasashen boko zai zo duk da haka, don Bature zai so rubutun da shi zai iya karantawa, sai dai zai zo a makare.

Na biyu, mutane. Dakta R. A. B. Dikko, likitan boko na farko daga Arewa, ɗan wannan al'umma ce, kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a 1948, wadda ta rikiɗe ta zama NPC. Sunansa ne a kan asibitin Barau Dikko na Kaduna. Farfesa Ishaya Audu an haife shi a Anchau a 1927, zuriyar Isawa ne, ya zama likitan Sardauna, ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma yi ministan harkokin waje a mulkin Shagari. Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai wa'azi ne a can. John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East bayan gasar 1933, ɗan Wusasa ne. Ɗan ƙaramin gari ke nan, amma ka cire shi, ka taɓa tarihin jami'a da na jam'iyya da na adabi, har da na yaƙin basasa. Ba shakka wasu za su cike gurbin, kujera ba ta zama babu kowa. Amma wane ne, yaushe, da wane irin hali? Nan ne ba wanda zai iya rantsuwa.

Na uku, su kansu Isawa. Da ba su haɗu da Miller ba, wataƙila da sun ci gaba da zama 'yar ƙaramar ɗariƙa a ƙauyuka, ko a hankali su narke cikin sauran Musulmi, kamar yadda wasunsu suka yi. Kuma da ba a tara su a bakin wancan rafi ba, da yawa daga waɗanda ciwon barci ya kashe da sun ga jikokinsu. Duk mai lissafin amfanin Wusasa, to ya sa kaburburan Gimi a cikin lissafin. Ciwon kansa ya ci gaba da addabar yankin har gwamnati ta shirya tashin ƙauyuka a ƙasar Anchau daga ƙarshen shekarun 1930, aka gina Takalafiya.

Na huɗu ya fi shafar mu yau. Iyayenmu da yawa sun guji makarantar boko don tsoron za a canza wa 'ya'yansu addini, kuma tsoron yana da tushe, tunda a wurare da dama makaranta da coci a harabar gida ɗaya suke. A Kudu mishan ta sauka Badagry tun 1842, ta buɗe makarantar sakandare a Legas a 1859. Arewa sai bayan shekara sittin da ɗoriya ta samu Kwalejin Katsina. Da boko ya zo ba tare da rigar addini ba, mai yiwuwa da ƙyamarsa ta ragu a nan. Amma kuma da Kudu ba ta samu wannan fifikon ba, tunda ita ma ta hannun mishan ta same shi. Ka ga ke nan tazarar ilimin da muke kuka da ita yau tana da alaƙa da inda mishan ta shiga da inda aka hana ta shiga.

To me Gimi ta koya mana game da waccan babbar tambayar ta Turai? Ta nuna mana cewa akwai abin da ƙarfin soja da kuɗi da ƙasa ke turawa, akwai kuma abin da ke bin hannun mai ɗauke da shi. Rum ta yamma da ta faɗi a 476, matsin ƙabilun Jamus da rikicin sojoji da ƙarancin haraji za su iya kayar da ita ko wane addini take bi. Amma wa zai adana rubutun Latin bayan faɗuwar? Ruhubanawa ne suka zauna suna kwafe littattafai a gidajen ibadarsu. Jami'o'in Faris da Oxford a inuwar coci suka girma, kodayake kaso mai yawa na ilimin Girka ta hannun malaman Musulmi ya komo musu, ta fassarorin da aka yi a Toledo. Littafin da ya fito da sunan injin Gutenberg wajajen 1455 Baibul ne. Yaƙin shekara talatin, 1618 zuwa 1648, da ya ragargaza ƙasar Jamus, rikicin Katolika da Furotesta ne ya kunna shi. Masu safarar bayi sun kafa hujja da addini, su Wilberforce da suka yi fafutukar hana cinikin a 1807 su ma da addini suka kafa tasu. Mutanen Wilberforce ɗin nan ne kuma suka kafa CMS a 1799, ƙungiyar da ta turo Miller Zariya.

Mu ma da muke Musulmi tambayar ba ta bar mu a gefe ba. Hijirar farko da Sahabbai suka yi, wajajen 615, zuwa Habasha ce, wurin Najjashi, sarki Kirista. Ka zare Kiristanci daga duniya, ka taɓa wannan babi na Sira.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne, a Ikara da Makarfi da Kudan akwai Hausawa Kiristoci, wasu zuriyar Isawa, da yawa kuma daga gidajen Maguzawa. Kasuwa ɗaya muke ci, taki ɗaya muke nema da damina, amma har yau za ka ji matashi a intanet yana rantsuwa wai babu Bahaushe Kirista, ko ya ɗauke su baƙi. A ɗaya ɓangaren kuma za ka ji mai cewa mishan ce ta kawo wa Arewa haske, kamar babu malaman Zazzau da tarin littattafansu kafin 1900. Duk biyun ba su karanta labarin Gimi ba.

Ga aikin da zan bar muku. Tsofaffin da suka ji wannan labari daga bakin iyayensu suna ƙarewa. Wanda ke da kaka a Gimi ko Anchau ko Wusasa, ya ɗauki wayarsa ya je ya zauna da ita, ya nemi izini ya naɗi muryarta. Ku tambaye ta wa ya fara kawo injin rake garinsu, ina tsohon garin yake, su wa aka binne a can. Abin da kuka samo ku turo mana, za mu karanta shi a shiri na gaba idan mai maganar ya amince.