Asalin Masara

Kowa ya san masara, amma ba kowa ya san baƙuwa ce a ƙasar nan ba. Gero da dawa su ne 'yan gida. Ita kuwa daga ƙetaren teku ta zo, daga nahiyar Amurka, kuma ko a can ba tsintarta aka yi a daji ba. Mutanen ƙasar ne suka rene ta da hannunsu, shekaru dubbai kafin wani Bature ya taka gaɓarsu. Abin da dattawansu suka faɗa game da farkonta ya fi na kowa daɗin ji, don haka da shi za mu soma.

A ƙasar da yanzu ake kira Guwatemala akwai wata al'umma da ake ce wa Kice, reshe ne na Mayawa. Suna da littafin kakanni mai suna Popol Vuh, wanda suka rubuta da baƙaƙen Turawa wajen shekarar 1550 da ɗoriya, bayan Sifaniyawa sun ci ƙasarsu, don kada labarin ya bi tsofaffi kabari. A ciki aka ce, wai gumakansu sun so su yi mutum wanda zai riƙa ambatonsu. Suka fara da laka. Mutumin laka ya fito ba ƙwari, wuyansa ba ya juyawa, maganarsa ba kan gado, ruwa na taɓa shi sai ya narke. Suka rushe shi, suka sassaƙa na itace. Waɗannan kam sun yi tafiya, sun yi magana, har sun hayayyafa, amma ba jini a jikinsu, ba zuciya, ba su ko tuna wanda ya yi su. Sai aka sako musu ambaliya, kayan gidansu kuma suka tayar musu. Dutsen niƙa ya ce dare da rana ana goge masa fuska saboda cikinsu, to yau shi zai niƙe su. Tukwane suka kawo kukan ƙunar da suka sha a murhu, karnuka suka tuna musu sandar da ake kora su da ita lokacin cin abinci. Mutanen itace suka hau rufin ɗaki, ya rufta. Suka hau bishiya, ta kakkaɓe su. Suka nufi kogo, ya rufe bakinsa. 'Yan kaɗan da suka tsira, wai su ne birai.

Ana nan cikin wannan hali, gari ya kusa wayewa ba a sami mutum ba, sai dabbobi huɗu suka kawo labari: yanyawa, da karen daji, da aku, da hankaka. Suka nuna hanyar wani tsagaggen dutse da ake kira Pashil, cikinsa cike da masara fara da rawaya. Wata tsohuwa mai suna Shimukane ta durƙusa gaban dutsen niƙa, ta niƙa ta har sau tara, aka kwaɓa garin, aka yi mutum huɗu na farko. Suka tashi da hankali, da godiya a bakinsu, da idon da ke hango ƙarshen duniya daga inda suke zaune. Gumakan suka ga abin ya yi yawa, kada gobe a ce an zama ɗaya, sai suka hura musu hazo a ido. Tun daga nan, in ji dattawan Kice, mutum ba ya ganin sai abin da ke kusa da shi.

Mu dai mun san wanda ya halicci ɗan Adam da abin da aka halicce shi da shi, wannan tatsuniya ce. Amma mutanen da masara ce kalacinsu, ita ce abincin darensu, tun daga yaye har tsufa, in sun ce da ita aka yi naman jikinsu, ai ba su faɗi nesa ba.

Aztekawa na Meksiko kuma nasu labarin dabam. Suka ce wai bayan an yi mutane, an rasa abin da za a ba su su ci. Sai gwarzonsu Ketsalkowatil ya ga wata jar tururuwa ɗauke da ƙwayar masara. Ya tambaye ta inda ta samo, ta ƙi faɗa. Ya matsa mata lamba har ta nuna masa wani tsauni. Ya rikiɗe ya zama baƙar tururuwa, ya bi ta ta wata 'yar kafa, ya fito da ƙwaya. Aka tauna, aka sa wa mutane a leɓe, suka yi ƙarfi. Ya ɗaura wa tsaunin igiya zai jawo shi gida gaba ɗaya, tsauni ya ƙi motsi, sai da aka sa aradu ta tsaga shi. Ana tsagawa gumakan ruwan sama suka rigayi kowa, suka kwashe masarar, fara da baƙa da rawaya da ja, har da wake. Shi ya sa har yau ba a samun ta sai sun ga dama sun sako ruwa. Wani limamin Kirista, Bernardino de Sahagun, wanda ya zauna da dattawan Aztekawa yana rubuta al'adunsu, ya ce macensu ba ta zuba masara a tukunya sai ta hura mata numfashi, wai don kada ta ji tsoron wuta. In kuma ta ga ƙwaya a ƙasa sai ta tsince, don kada ta kai ƙara sama a aiko da yunwa.

To, ka ji na dattawa. Masu bincike kuwa sun daɗe suna jayayya. Paul Mangelsdorf ya ce da akwai masarar daji wadda ta ɓace. George Beadle ya ce a'a, uwar masara tana nan da ranta, wata ciyawa ce da ake kira teosinte a kudancin Meksiko. Wanda ya ga ciyawar zai so ya bi bayan Mangelsdorf, don zangarniyarta ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ƙwaya biyar zuwa goma sha biyu ce jere, kowace cikin ɓawo mai taurin tsakuwa, in ta nuna kuma sai ta warwatse a ƙasa. Ni dai maganar Beadle ta fi kama hankalina, binciken ƙwayoyin gado da aka yi a 2002 kuma ya tsaya masa: daga wannan ciyawa aka samo masara, a kwarin kogin Balsas, kimanin shekara 9,000 da suka wuce. An kuma tono 'yan ƙananan totuwa masu shekara fiye da 6,000 a wani kogo na jihar Oaxaca.

Ba wanda ya san sunan wanda ya yi wannan aiki, don ba mutum ɗaya ba ne. Kaka bayan kaka ake ware zangarniyar da ta fi girma, wadda ɓawonta ya fi taushi, a ajiye ta iri. A haka har aka kai ga shukar da ba ta iya rayuwa sai da mutum. Masara a yau in ta faɗi da rigarta, ƙwayoyin a cunkushe suke tsirowa su shaƙe juna. Dole a sami hannun da zai ɓare ya shuka. Daga Meksiko ta bazu kudu har Peru, arewa har bakin kogin St Lawrence, inda Bafaranshe Jacques Cartier ya tarar da gonakinta a 1535. Mutanen Irokwa suna tara ƙasa tudu-tudu, su shuka ta tare da wake da kabewa: wake ya hau kara, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyen kabewa ya rufe ƙasa ya hana ciyawa. 'Yan'uwa mata uku suke kiransu.

Ran 12 ga Oktoba 1492 Kolumbus ya sauka a wani tsibiri na mutanen Taino, yana zaton gefen Indiya ya iso. A watan Nuwamba ya aiki mutum biyu cikin tsibirin Kyuba su nemo masa sarkin Sin. Ɗayansu, Luis de Torres, an zaɓe shi ne don yana jin Larabci. Ba su ga sarki ba, ba su ga zinariya ba. Abin da suka gani shi ne mutane masu karamci, da ganyen da ake kunnawa a zuƙi hayaƙinsa, da wani hatsi mai daɗi in an gasa ko an yi gari. Kolumbus ya koma Sifen da irinsa a 1493, bai san ya fi duk zinariyar da yake nema daraja ba. Sakayyar Taino kuwa, a 1495 aka ɗora wa duk wanda ya kai shekara 14 harajin zinariya kowane wata uku. Suka ƙi shuka don yunwa ta kori baƙin, yunwar ta fi cin su. Aikin tilas da agana suka ƙarasa sauran.

Ingilishi ma da masarar mutane suka tsaya da ƙafarsu. Waɗanda suka kafa Jamestown a 1607 musayarta suke yi da jan ƙarfe da duwatsun ado a wurin mutanen sarki Powhatan, in an hana su su ɗauko bindiga. Da sarkin ya rufe rumbunsa a hunturun 1609, mutum wajen 60 kaɗai suka ga bazara.

Labarin Plymouth ya fi taɓa zuciya. A Nuwamba 1620 jirgin Mayflower ya tsaya a Cape Cod da fasinja 102. 'Yan leƙen da suka sauka suka ga tarin yashi da alamar hannu a kansa. Suka tona, sai ga kwanduna cike da masara, wata rawaya, wata ja, wata da ratsin shuɗi. Irin shukar wasu ne aka binne. Suka cika wata babbar tukunya da aljihunansu suka tafi, sai bayan wata shida suka biya masu ita. Sanyi da cuta suka kashe rabin fasinjojin kafin bazara. A watan Maris 1621 sai ga wani mutum ya shigo yana jin Turanci, sunansa Tiskwantum. A 1614 wani matuƙin jirgi, Thomas Hunt, ya sace shi ya kai shi Malaga don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna a Landan, ya dawo gida a 1619 ya tarar annoba ta share garinsu Patuxet. A kan kufan garin nasa ne ma baƙin suka kafa nasu, wato Plymouth. Duk da haka shi ya nuna musu lokacin shuka, da yadda ake tara tudu, da yadda ake binne kifi a gindin kowane don ƙasar ta gaji. Suka shuka wajen eka 20. Waken da suka zo da shi daga Ingila ya ƙone, sha'ir ya yi dama-dama, masara ta yi kyau. Da kaka Massasoit, sarkin mutanen yankin, ya zo da mutum 90 da barewa biyar, aka kwana uku ana ci tare.

Wasu masana sun ce takin kifin nan ba al'adar ƙasar ba ce, wai a wurin Turawa masunta na Newfoundland Tiskwantum ya gani. Ko da haka ne, kifi kaɗai aka aro. Iri da lokaci da dabarar tudu duk na mutanensa ne. Shekara 55 bayan wancan biki, a 1676, 'ya'yan waɗanda aka ciyar suka sa aka kashe Metacom ɗan Massasoit, suka soke kansa a kan sanda a Plymouth, suka sayar da matarsa da ɗansa bayi. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

Akwai kuma abin da Turawa suka bari a baya saboda raini. Matan Meksiko ba sa niƙa masara sai sun dafa ta da toka ko ƙonanniyar farar ƙasa, ta kwana a jiƙe, a wanke. Baƙin suka ɗauka don ɓawo ya saki ne kawai, suka kai ta injin niƙansu a bushe. Ashe tokar ce ke sakin wani sinadari da jiki ke bukata. Talakawan Sifen da arewacin Italiya da suka koma cin masara zalla sai wata cuta ta kama su, fata ta daddaje, ciki ya ɓare, daga baya hankali ya taɓu. Likita Gaspar Casal ya bayyana ta a 1735, amma ba a gano sinadarin ba sai 1937, bayan ta kashe dubban mutane a kudancin ƙasar Amurka ma. Da sun tambayi tsohuwa ɗaya a bakin murhu, da an huta.

Yadda ta iso mu, magana biyu ce. Wasu sun ce Fotugis suka sauke ta a gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 16, inda ta zama guzurin jiragen bayi, daga nan ta hauro arewa. Wasu sun ce daga Sifen ta bi Bahar Rum zuwa Masar, alhazai da fatake suka biyo da ita ta Borno, suna kafa hujja da sunan da muke kiranta da shi. A ganina duka biyun sun faru: ta kudu ta teku ta zo, tamu ta hanyar gabas. Ta daɗe a bayan gida ana gasa ta kafin gero ya nuna, sai a shekarun 1970 zuwa 1980, da takin zamani da sabon iri daga Samaru da Ibadan, ta fita gona ta cika Saminaka da Funtuwa.

Yau Amurka ce ta fi kowace ƙasa nomanta, akasarinta kuma dabbobi ke ci ko a mayar da ita man mota. Meksiko kuwa, inda aka haife ta, tan miliyoyi take saya daga Amurka kowace shekara.