Ciwon Dunduniya

Ciwon dunduniya lalura ce da ke kama jijiyar tafin ƙafa, wadda ta miƙe daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu. Alamarsa suka mai zafi a takun farko da asuba, ta lafa in ƙafa ta ɗumama. Ba faso ba ne, wanda fata kawai yake tsagawa da hunturu.

A Kebbe, kudancin Jihar Sakkwato, yana iya kama matasa masu gudun motsa jiki a busasshiyar ƙasa da silifas, da makiyaya masu doguwar tafiya. Don samun sauƙi, ana rage gudu, a miƙe sharaɓa kullum, a sa kambas mai laushin ƙasa. Yawanci yakan warke cikin shekara 1, ba tiyata.