Azumin Kiristoci a Jimeta

Azumin Kiristoci lokaci ne na kwana 40 da mabiya Almasihu ke keɓewa don tuba, addu'a da sadaka kafin bikin Ista. Yana farawa ranar Larabar Toka, inda ake shafa wa masu ibada toka a goshi. Ba a lissafa ranakun Lahadi a ciki. Asalinsa kwana 40 ɗin da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji.

A Turai lokacin yana zuwa ne sa'ad da sanyi ke janyewa, itatuwa na toho. A Jimeta kuwa, da ke Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa, tsakiyar bazara yake faɗowa, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Wannan zafin kaɗai jarrabawa ce.

'Yan Katolika, waɗanda babban cocinsu a Jimeta shi ne na St. Theresa, sukan ƙaurace wa nama, su taƙaita abinci a Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu; shan ruwa ba ya karya musu azumi. Ranakun Juma'a ana bin addu'ar Hanyar Gicciye mai matakai 14, wasu kuma su je gaban limamin coci su furta zunubansu. Bishop Stephen Dami Mamza ke jagorantar diyosis ɗin Yola tun 2011. Cocin Lutheran na LCCN, mai hedikwata a Numan, shi ma yana kiyaye lokacin.

A 2025 azumin ya fara ranar 5 ga Maris, kwanaki kaɗan bayan Musulmi sun shiga Ramadan.