Tallar Kayan Masarufi a Kafafen Sada Zumunta da Matsayin Mai Tireda a Yammacin Zamfara: Nazari Daga Tungar Guru

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda tallar da kamfanonin kayan masarufi ke yi a Facebook da TikTok da WhatsApp take isa ƙauyukan Anka da Gummi da Bukkuyum. An dogara da matakan hukuma da aka bayyana a fili tsakanin 2021 da 2023, da kuma lura da yadda ciniki ke gudana a bakin tireda. An ɗora nazarin a kan ra'in Katz da Lazarsfeld na 1955, wanda ya nuna cewa saƙon kafar yaɗa labarai yakan bi ta bakin wani da aka yarda da shi kafin ya isa ga jama'a. Maƙalar ta gano cewa a wannan yanki, mai tireda ne wannan bakin.

Gabatarwa

Duniya ta san sunan Tungar Guru, a ƙaramar hukumar Bukkuyum, ta dalilin gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Da wuya a ji an ambaci garin a matsayin kasuwa, alhali kullum ana ɗora tukunya, ana wanki, ana shan shayi. Kayan da aka saro a Kasuwar Singa ta Kano ko a Gusau sukan biyo hanyar Anka zuwa Daki Takwas da Gummi, daga nan babura su shiga da su lungu. Tambayar ita ce: wa ke yanke shawarar samfurin da zai shiga gida?

Sunan kaya da hannun mai sayarwa

A tsaya a bakin tireda da hantsi. Ƙullin madara da na garin sabulu suna rataye jere a igiya, ɗanɗanon girki na cikin roba. Yarinya ta zo da kuɗi a dunƙule a hannu, ta ce, "Wai a ba ni magi na hamsin da omo na ɗari." Uwar da ta aiko ta tana cikin gida, ba ta ga kayan ba. Mai tireda ya miƙa hannu ya tsinko abin da ke gabansa.

A nan gizo ke saƙar. Maggi na Nestlé ne, amma a bakin Bahaushe "magi" ya zama sunan kowane dunƙulen ɗanɗano, har Ajinomoto ya koma "farin magi". Omo kuwa ya fi ba da mamaki. A 2023 kamfanin Unilever, mai Omo, ya sanar da janyewa daga harkar kayan wanki a Nijeriya, amma har gobe "omo" ake cewa, ko da Viva na kamfanin Aspira da ke Kano ne ko So Klin aka miƙo. Ma'ana, kamfani zai iya kashe maƙudan kuɗi, ya ɗauko jarumar Kannywood ta yi girki a TikTok, bidiyon ya zagaya, sannan ribar ta faɗa aljihun abokin hamayyarsa, domin kayansa ne ke rataye a igiyar. Mai tireda ba ya zaɓe da ka. Yana duba wanda diloli suka ba shi bashi, da wanda ribar katan ɗinsa ta fi kauri, da wanda ba ya kwantai.

Kamfanin Promasidor ya gane muhimmancin igiyar tireda tun 1993, lokacin da ya shigo da madarar Cowbell cikin ƙananan ƙulli daidai aljihun talaka. Dabarar tasa a kan igiyar tireda ta tsaya.

Watannin da waya ta yi shiru

A ranar 3 ga Satumba, 2021, Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta umarci a katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. A daidai lokacin gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako. An buɗe layin Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna sai ƙarshen Nuwamba. Kusan wata uku babu tallar intanet da ta leƙa Bukkuyum, kuma ba a daina sayen gishiri da sabulu ba. Abin da ya gigita ciniki shi ne rufe kasuwa da wahalar hanya, da rashin layin da mai tireda zai kira dila ya ce kaya sun ƙare. Wannan ya nuna cewa babban aikin waya a nan shi ne haɗa mai sari da mai sayarwa. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023, wanda ya sa Zamfara da Kaduna da Kogi suka garzaya Kotun Ƙoli, ya ƙara wa mai tireda nauyi, domin shi ke riƙe da littafin bashi, wani lokaci har da na'urar POS.

Abin da wannan ke nufi ga dabarun kasuwanci

Ba a ce kafafen sada zumunta ba su da tasiri ba. Suna isa, sai dai a hannu na biyu: saurayin da ya je Gummi ya sauke bidiyo, mai cajin waya ya tura wa wasu a katin waya, a kalla a teburin mai shayi. Lissafin masu danna alamar so da ake yi a ofisoshin Legas ba ya ganin wannan zagaye ko kaɗan, kuma a ganin mai wannan bincike babban kuskure ne a gina kasafin talla a kansa.

Ya fi dacewa kamfani ya raba kasafin. Kaso ɗaya ya tafi ga gajeren bidiyo marar cin data, wanda ke nuna launin leda da zanenta ƙarara, yadda yarinyar da aka aika za ta iya cewa "mai jar leda". Kaso mafi tsoka ya tafi ga masu tireda: zauren WhatsApp na kowace kasuwa, da saƙon murya cikin Hausar Zamfara maimakon rubutun boko, a faɗi farashin katan, da ranar da mota za ta sauke kaya a Daki Takwas, da kwanakin da aka yarda a ɗaga wa mutum ƙafa kafin ya biya.