Ɓeraye Takwas na Oxford da Ɓeran Masar da Ba a Tambaya Ba

Ranar Asabar, 25 ga Mayun 1940, yayin da sojojin Birtaniya ke takure a gaɓar tekun Dunkirk, Howard Florey da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka yi wa ɓeraye takwas allurar ƙwayar cutar Streptococcus, adadin da suka tabbata zai kashe su. Huɗu aka ba su fenisilin, huɗu aka bar su haka nan. Norman Heatley ne ya kwana gadinsu. Kafin asuba huɗun da ba a ba magani ba duk sun mutu, sauran kuwa suka wayi gari da rai. Wannan dare ne littattafan tarihi suka fi riƙewa. Amma akwai tambayar da ta riga shi, wadda ba ta da armashin labari: shin maganin kansa ba guba ba ne?

Samun abin da zai kashe ƙwayar cuta bai taɓa zama abin wahala ba, wahalar ita ce samun wanda zai bar majinyaci da rai. A 1939 René Dubos, a Cibiyar Rockefeller ta New York, ya fitar da sinadarin tairotirisin daga ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa. Yana kashe ƙwayoyin cuta sosai, sai dai da aka sa shi a jinin dabbobi sai ya riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin jini. Nan take makomarsa ta koma ta maganin shafawa a kan rauni. Shekara biyu kafin haka Amurka ta ga abin da rashin gwaji ke jawowa: kamfanin Massengill ya narkar da maganin salfanilamaid a cikin sinadarin dayetilin gilaikol, ya kai shi kasuwa ba tare da an ɗanɗana wa ko da ɓera ɗaya ba. Fiye da mutum 100 suka mutu, da yawansu yara, ƙodarsu ta daina aiki. Daga wannan musiba aka haifi dokar 1938 da ta wajabta nuna hujjar amincin magani kafin sayar da shi.

Alexander Fleming, wanda ya lura da funfunar fenisilin a Landan a 1928, ya riga ya yi wa zomo da ɓera masu lafiya allurar ruwanta, bai ga illa ba, amma bai gwada ta a kan dabbar da ta kamu da cuta ba. Mutanen Oxford suka ɗora daga nan. Zaɓen ɓera da suka yi ba wata zurfafan hikima ba ce, talauci ne ya zaɓa musu: garin fenisilin da ke hannunsu ɗan mitsitsi ne, mafi yawansa ma datti, kuma mutum ya ninka ɓera nauyi kusan sau 3,000. Sun kuma gwada shi a jikin manyan ɓeraye da kyanwoyi da zomaye, sannan suka buga sakamakon a mujallar Lancet a watan Agustan 1940.

Dabbar da ba ta shiga wannan sahu ba ita ce ɓeran Masar, duk da cewa yana cikin dabbobin da ɗakunan gwaje-gwaje na wancan zamani suka fi dogaro da su. A 1943 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton cewa fenisilin na kashe shi. Ba faɗuwa yake yi nan take ba: yakan daina cin abinci, ya lafe wuri guda, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Daga nan aka sami zancen da ake ta maimaitawa har yau, musamman a bakin masu adawa da gwaji a kan dabbobi, cewa da Florey ya fara da ɓeran Masar da duniya ta yi asarar fenisilin. Zancen na da ƙamshin gaskiya, amma an yi masa gishiri. Mutanen da suka ga dabbobi iri huɗu sun jure magani da wuya su jefar da shi saboda ta biyar.

Abin da ɓerayen Oxford suka ɓoye shi ne ya fi tayar da hankali a lokacin. A watan Janairun 1941 aka yi wa Elva Akers, wata mata da ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinta, allurar farko don a ga ko jikin mutum zai karɓa. Ta amince ne tana sane da cewa ba za ta amfana ba. Sai zazzaɓi da makyarkyata suka rufe ta. Bincike ya nuna laifin na dattin da ke cakuɗe da maganin ne, Edward Abraham ya tace shi, sannan a watan Fabrairu aka fara ba ɗan sanda Albert Alexander. Ya fara murmurewa, maganin ya ƙare duk da ana sake tato shi daga fitsarinsa, ya rasu a watan Maris. Zomo, wanda zafin jikinsa ke tashi idan allura na ɗauke da irin wannan datti, shi ya zama ma'aunin da masana'antun magunguna suka yi shekaru da dama suna aiki da shi.

Ɓeran Masar ma ranarsa ta zo. Tarin fuka na kama shi cikin sauƙi, don haka a jikinsa William Feldman da Corwin Hinshaw na asibitin Mayo suka nuna a 1944 cewa sitireftomaisin na maganin cutar.

Dalilin mutuwarsa da fenisilin kuwa ya ɗauki shekaru kafin ya bayyana. Maganin ba naman jikinsa yake ci ba. Hanjinsa cike yake da ƙwayoyin halitta masu amfani, irin waɗanda fenisilin ke sharewa, kuma idan suka tafi sai miyagu su cika gurbin su zuba guba. An ga alamar haka da aka gwada ɓerayen Masar da aka raina babu ƙwayar halitta ko ɗaya a cikinsu: sun jure maganin. A wajajen 1977 zuwa 1978, ta hanyar gwaji a kan hamsta, wata 'yar dabba dangin ɓera, aka kama babbar mai laifin, ƙwayar Clostridium difficile. Ita ce kuma ke haddasa mummunar gudawa da kumburin hanji ga majinyatan da suka daɗe suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta, musamman tsofaffi a gadon asibiti. Ciwon da aka ɗauka wata baƙuwar ɗabi'a ce ta ɓeran Masar a 1943, shi likitoci suka gane a jikin mutane bayan shekara 35.